'Yar Kafinta da Dish ɗin Gidan Mama Nas

Matata 'yar kafinta ce, kuma a kan tsani na fara ganinta. Lokacin ina saurayi, ban daɗe da fara aikin ɗaura dish ba, aka kira ni wani sabon gini da ko rufinsa ba a gama ba. Mai gidan ya matsu ya tare, so yake ya shigo ya tarar da tibi tana magana. Ina tsaye a ƙasa ina warware kebul sai ga wata budurwa riƙe da kwanon abinci. Ta ɗaga kai ta kira babanta, shi kuwa yana can ƙololuwa yana buga ƙusa, bai ji ba. Ba ta sake kira ba. Ta tattare zaninta, ta kama tsanin da hannu ɗaya ta haye, kwanon nan ko karkacewa bai yi ba. Na yar da kebul na ruga na riƙe mata tsanin.

"Sake shi, bawan Allah," ta ce daga sama. "Kai ne kake girgiza shi."

Aikin da ya kamata in gama kafin rana ta take, sai da na kai yamma ina yinsa. Babanta ya lura, amma mutum ne mai ƙarancin magana, sai kawai ya dube ni ya ci gaba da buga ƙusarsa. 'Ya'yansa duka mata ne, ita ce babba, don haka ita ta taso tana miƙa masa zarto da guduma. Da maganar aure ta taso, tambaya ɗaya ya yi min, ko ina shan taba. Na ce a'a. Ya ce, "To, ka dai rage gaggawa a kan rufi, na ga yadda kake takawa."

Tun daga nan nake kiranta 'Yar Kafinta. Ita kuma Injiniya take ce min, ba don na taɓa leƙa makarantar injiniyoyi ba, sai don ta gane sunan yana ba ni kunya a gaban mutane. Muka kama ɗaki biyu a gidan haya, Allah ya ba mu 'ya'ya mata biyu. Tana da keken ɗinki a bakin taga, kayan makaranta take ɗinka wa yaran unguwa, ni kuma in saɓi jaka da tsani in fita.

Aikinmu na mutum biyu ne. Ɗaya yana sama yana juya farantin, ɗaya yana gaban tibi yana faɗa masa abin da yake gani. In ka shiga wajen saitin dikoda, layi biyu za ka gani. Na sama shi ne ƙarfi, yana nuna kebul da idon dish suna da rai, wato ɗan abin nan da ke tsaye a gaban farantin yana karɓar sigina. Na ƙasa shi ne inganci, shi ke nuna ka kama tauraron da kake nema. Ina da ɗan mita mai kuka da nake hawa da shi, amma duk kukan da zai yi, tibi ce ke yanke hukunci. Masu gida kuwa ba su san wannan ba. Kana sama rana tana gasa ka, sai ka ji an ƙwala ihu, "Ya zo! A'a, ya tafi! Tsaya, rimot ɗin ya faɗi bayan kujera!"

Ranar da mai gidan da muke haya ya sayi dish, matata ce ta tsaya min a falonsa. Na nuna mata layukan biyu sau ɗaya na hau. Sai na ji muryarta ta taga, ba ihu ba gaggawa.

"Ƙarfi yana nan, inganci babu. Ci gaba. Ya ɗan motsa. Ka wuce shi, Injiniya, dawo kamar faɗin yatsa. Tsaya nan. Ɗaure."

Ban taɓa gama saiti cikin sauƙi irin na ranar ba. Daga nan, in aiki ya faɗo ranar da ba ta da ɗinki da yawa, takan bi ni. A hankali ta iya neman tashoshi, ta iya jera su yadda mai gida yake so, ta iya fere kan kebul ta sa masa marfinsa. Amma hawa sama nawa ne. Ban taɓa tunanin wani abu daban ba, ita ma ba ta taɓa tayar da zancen ba.

Akwai wata dattijuwa a bayan layinmu, tsohuwar ma'aikaciyar asibiti da ta yi ritaya, kowa Mama Nas yake ce mata. Mijinta kuwa Rafali ake kiransa, don ya yi shekara da shekaru yana busa usur a wasannin ƙwallon unguwa. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, hannunsa na dama da ƙafa suka daina aiki, magana ma sai da ƙyar. Ɗansu da ke aiki a nesa ya aiko musu da dish don tsohon ya riƙa ganin ƙwallo daga gado. Ni aka kira.

An yi ruwa da safen ranar, kwanon rufin bai gama bushewa ba. Ni kaɗai na je. Na kafa ƙafar dish ɗin a kan rufin, na huda kwano na ɗaure ta da katakon da ke ƙasa, na ɗora farantin. Ina ja da baya don in duba tsayuwarsa, santsi ya kwashe ni. Na tuna na faɗi da dukan nauyina a kan kwanon, na ji wani abu ya yi ƙara, na mirgina, sai kuma ga ni a tsakar gida ina kallon sama, ƙafata ta ƙi amsa min.

Maƙwabta suka ruga za su ɗaga ni ta hammata. Mama Nas ta daka musu tsawar da har yau ake labarinta a layin. Ta sa aka ciro ƙyauren ɗakin girkinta, aka zura shi a ƙarƙashina a hankali, ta ɗaure ni a kai da zannuwanta, a haka aka kai ni asibiti. Daga baya likita ya ce ƙashin ƙuguna ya karye, bayana ya tsage, kuma da an ɗauke ni yadda aka so ɗauka, da ƙila ban sake takawa ba.

Na yi watanni a kwance. Wanda bai taɓa kwanciya irin wannan ba, ba zai gane yadda silin ɗin ɗakinsa yake gundurar mutum ba. 'Yar Kafinta ita ke juya ni, ita ke goge min jiki, ta shirya yara makaranta, sannan ta hau keke ta yi ta takawa har ƙafafunta su kumbura. Wayata kuwa ba ta daina ƙara ba. Wannan ya ce iska ta juya masa dish, wancan ya ce ya sayi sabo. In ba su haƙuri in tura su wajen abokan sana'a, in kife wayar a ƙirji.

Yayata ta zo dubiya, ta leƙa ƙarƙashin gado ta ga jakar aikina da injin huda bango.

"Ƙanina, a sayar da kayan nan," ta ce. "Kai da hawa rufi ai sai dai labari. Ka warke mu nema maka ɗan tebur a bakin hanya."

Gaskiya ta faɗa, kuma don tana sona ta faɗe ta. Da Yaya ta tafi, matata ta jawo jakar, ta goge sufanu ɗaya bayan ɗaya da tsumma mai mai, ta mayar ƙarƙashin gadon.

Mama Nas tana yawan zuwa. Ta duba ɗinkin da aka yi min, ta yi min faɗa in ban motsa yatsun ƙafa yadda aka ce ba. Ba ta taɓa yi min zancen dish ba, sai ranar da ni na tambaye ta. Ta yi ajiyar zuciya.

"Bar shi kawai, ɗana. Mutum biyu na kira bayanka. Kowa ya hau ya taɓa, hoto ya zo, ya tafi abinsa, washegari ya ɗauke. Na biyun ma ya daina ɗaukar wayata. Ni ba don kaina ba, Rafali ne. Da ya ji maƙwabta sun yi ihun an ci ƙwallo sai ya juya fuska bango."

Matata tana bakin kekenta, ta tsayar da ƙafa. "Mama, gobe zan zo in duba."

Na jira har baƙuwar ta fita sannan na ce, "Ki duba me?"

"Dish ɗin."

"Rufin da ya karya ni? So kike mu kwanta mu biyu, yara su riƙa juya mu?"

"Wa ya ce zan hau? Daga bayan tibi zan fara, kamar yadda kake yi. Kana nan da wayarka, ka faɗa min abin da zan taɓa." Ta gyara zare a allura. "Matar nan ƙyauren ɗakinta ta cire saboda kai, Injiniya. Har yanzu labule ne a ƙofar."

Da safe na ga ta ɗauko wandon aikina ta sa a ƙarƙashin doguwar rigarta. Na ce, "Wando kuma na mene ne, tunda ba hawa za ki yi ba?" Ta ce sauro ne ya yi yawa a gidan Mama Nas.

Ta isa, ta kira ni, ta soke wayar a cikin ɗankwalinta don hannuwanta su samu sarari. Na ce ta fara kashe dikodar daga bango, sannan ta kwance kebul ɗin da ke shiga bayanta. Kebul ɗin dish yana da zaren tagulla guda a tsakiya, sai wani gashi-gashin ƙarfe da ya kewaye shi. In sili ɗaya na gashin nan ya taɓa na tsakiya, magana ta ƙare.

"Ga gashin nan ya nannaɗe shi kamar gemun da ba a taje ba," ta ce.

Ta yanke, ta fere sabo. Na ce ta bi kebul ɗin da hannu har waje. A bayan taga ta tarar an yi masa haɗi an naɗe da leda, ruwa ya shiga, wurin ya yi kore. Ta cire duka ta ja sabon kebul daga cikin jakata. Ta kunna. Ƙarfi ya cika, inganci kuwa ɗan kaɗan ne, yana zuwa yana tafiya.

"To, saura sama," na ce. "Ki dawo gida, in nemi wani ya hau."

Sai na ji ƙarar tsani yana jingina da bango, na ji Mama Nas tana cewa, "Na riƙe, 'yata." Sannan na ji kukan kwano a ƙarƙashin ƙafa, a cikin kunnena, kamar ni nake takawa. Na damƙe bakin katifa.

"Layin ƙusa nake bi," ta ce a hankali. "Inda ka ga kan ƙusa, akwai katako a ƙasa. Tun ban kai tsawon tebur ba Baba ya koya min. Ka daina huci a kunnena, kana ruɗa ni."

Na gaya mata notin da za ta sassauta da wanda za ta bari. Mama Nas ta koma falo ta tsaya a taga. Mace ce da ta yi rayuwarta tana karanta awon jini da na zafin jiki, don haka lamba take faɗa tsaf, ba ƙari ba ragi. Matata ta juya farantin kaɗan-kaɗan, ta ɗaga bakinsa, ta murza idon a mazauninsa yadda na ce. Can sai na ji kiɗan talla ya cika wayar, Mama Nas tana tafi. Sai da na ji ƙafar matata ta taɓa ƙasa sannan na saki katifar.

Murnarmu ba ta yi nisa ba. Washegari da rana ta take, Mama Nas ta kira cikin jin nauyi ta ce hoto ya fara tsattsagewa, sannan ya ɗauke. Da yamma ta yi sanyi kuma ya dawo da kansa. Haka ya yi ta yi kullum. Na ce idon dish ɗin ne ba ya son zafi. Matata ta hau ta canja sabo, bai hana ba. Na ce to dikodar ce take ɗaukar zafi. Aka kunna mata fanka, bai hana ba. Ta cire tamu ta gida ta kai can, yaranmu suka yi ta kumbure-kumbure don an raba su da katun, duk da haka rana na takewa hoto ya tafi. Na tambaya ko akwai bishiya a gaban farantin, ko wani yana shanya a sama. Babu. Ilimina ya ƙare. Ina kwance ina jujjuya abin a kaina har abinci ya daina min daɗi.

"Gobe can zan wuni," ta ce. "Kowa zuwa yake ya gyara ya tafi. Ba wanda ya zauna ya ga lokacin da yake lalacewa."

Ta ɗauki kayan da take sa wa maɓalli, ta tafi tun da safe. Kafin rana ta yi zafi ta hau, ta ɗaura zaren ɗinki a hannun dish ɗin, ta rataya noti a ƙarshensa, ta zana alama da allin tela a kan kwano daidai inda notin ya tsaya. Ta sauko ta zauna a inuwa tana ɗinkinta. Da rana ta fara dukan rufin, ta ce sai ta ji kwanon yana ƙas, ƙas, yana miƙewa, wannan kuwa kowane rufi yana yi. Amma da Mama Nas ta leƙo ta ce ya ɗauke, matata ta hau ta duba, sai ta ga notin ya bar kan allin. Farantin ya sunkuyar da kai, ɗan abin da ido ba zai gani ba.

Ta ari tocila, ta buɗe ɗan murfin silin ta leƙa cikin rufin. A nan ta ga abin. Katakon da na ɗaure ƙafar dish ɗin a jikinsa ya tsage tun daga tsakiya, daidai inda na faɗi. Da safe, kwano yana sanyi, yakan riƙe shi. Rana ta yi, kwanon ya saki jiki, katakon ya lotsa, farantin ya bi shi.

Da ta dawo ta faɗa min, sai na ce, "Ashe ba ni kaɗai na karye ranar ba."

"Ai shi ya fi ka shan wuya," ta ce. "Kai ana ta zuwa dubiya da lemo. Shi ko sannu ba wanda ya ce masa."

Na yi dariya har ƙuguna ya amsa. Rabon da in yi dariya irin wannan tun kafin faɗuwar.

Babanta ta kira a kan maganar katakon. Ya tsufa, gwiwa ta hana shi hawa, sai ya zauna a kujera a ƙasan murfin silin yana miƙa mata ƙusa yana cewa ta ƙara ɗaya a can. Ta haɗa wa tsagaggen katakon sabo a gefensa ta ɗaure su tare. Na zaci daga nan za ta sake saita dish ɗin a inda yake. Sai ta ce min ita sauko da shi za ta yi gaba ɗaya.

"Dole ne sai a kan rufi?" ta tambaye ni.

"Sama ta fi sarari. Ga benen maƙwabcinsu ya tare gabas."

"Ta gefen tankin ruwa ba abin da ya tare. Na tsaya a wurin na kalli inda farantin yake kallo, sama ce fetal."

Na buɗe baki zan yi gardama, na tuna ni a kwance nake, ita ce ta ga wurin. Ta je wajen mai walda ya yanko mata ƙarfe mai kauri, ta haƙa rami, ta kwaɓa siminti. Abu ɗaya na nace a kai, ƙarfen ya tsaya cak, kada ya karkata ko kaɗan, in ba haka ba saiti zai ba ta wuya. Da zarenta da notinta ta auna shi. Mama Nas ta matsu, kullum sai ta danna simintin da yatsa ta ji ko ya bushe. Da ya kama, matata ta ɗora farantin, ta tsaya da ƙafafunta a ƙasa ta saita shi, ta bi kebul ɗin da ƙananan ƙusoshi a jikin bango, ta lanƙwasa shi ƙasa kafin ya shiga taga don ruwan sama ya ɗige a waje.

Rana ta take, hoto bai motsa ba. Washegari ma haka. Ranar da ake babban wasa da la'asar, suka tura gadon Rafali ya fuskanci tibi, suka tokare shi da matasai. Matata ta kira ni ta ajiye wayar a kan tebur don in ji. Na ji hayaniyar 'yan kallo, na ji mai sharhi yana zuba. Can aka yi wani ihu, sai na ji Mama Nas ta fashe da dariya, dariyar ta karye a tsakiya ta koma wani abu daban.

Sai da matata ta dawo ta ba ni labari. Wani ɗan baya ne ya kwashe ƙafar ɗan gaba, alƙalin wasan ya ce a ci gaba. Rafali ya yunƙura, fuskarsa ta murtuke, ya kai hannunsa mai lafiya aljihun rigarsa yana laluben kati. Da bai samu ba, ya ɗaga hannun sama haka nan, ya ce da ƙarfi, "Ja!" Mama Nas ta ce rabon da ta ji kalma ta fito masa sarai haka tun ranar da ya faɗi. Matata ta ce ita dai ta tattara sufanunta ta fito tsakar gida, don ta ga lokacin nasu ne su biyu.

Bakin Mama Nas ya fi kowace talla. A wajen awo, a kasuwa, a gidan suna ko gidan rasuwa, sai ta kawo zancen 'yarta mai dish. Waya ta fara ƙara, ni in ɗauka in ji matsalar, ita ta saɓi jaka. Matan da mazansu ke wuni a wajen aiki sun fi kowa murna, don sun samu wadda za ta shiga har ɗaki ba sai an jira kowa ba. Ba kowa ne ya karɓe ta ba. Wani mutum ya buɗe ƙofa ya gan ta da tsani, ya ce, "Ina mijin naki?" Ta ce yana kwance. Ya ce to zai jira ya tashi. Ta ce Allah ya ba shi haƙurin jira, ta juyo. Ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Yayata ma ta yi ta mita, wai mace da hawa bango, me mutane za su ce. Amma da iska ta juya nata dish ɗin, ita ce ta riƙe tsanin da hannu biyu tana cewa, "A hankali, matar ƙanina, don Allah a hankali."

Na tashi daga baya, da sanda. Likita ya ce tafiya dai zan yi, hawa kuwa in manta da shi. Muka kama ɗan shago a bakin titi, ina gyaran dikoda da rimot, ina sayar da kebul, ita tana fita. Duk gidan da ta samu sarari a ƙasa ko a jikin bango, ba ta kai dish kan rufi. In kuwa dole sai an hau, takan leƙa cikin silin tukuna ta ga lafiyar katako. Tafin hannunta ya yi kanta, rana ta ƙona mata fuska. Keken ɗinkin yana nan a bakin taga an rufe shi da zani. Sau ɗaya ta taɓa ce min tana kewarsa, wai ɗinki aiki ne da mutum yake yi yana waƙa, dish kuwa sai ka riƙe numfashi. Na ce ta koma abinta, za mu san yadda za mu yi. Ta ce sai yara sun gama makaranta.

Rafali ya ga kakar wasa biyu a kan dish ɗin nan kafin Allah ya karɓi abinsa. Mama Nas har yanzu tana kira, yawanci batirin rimot ne ya mutu, amma matata takan je da kanta, su zauna su sha shayi.

Na sha ƙoƙarin yi mata godiya da baki, ba ta tsayawa ta ji. Da na fara sai ta tuna ta bar wani abu a wuta. Don haka nake yin abin da zan iya. Kwanan baya ta dawo shago da rana daga wani aiki mai nisa, ta zauna a kujerar roba ta ce bari ta ɗan huta kafin ta ci abinci. Kafin in buɗe kwanon abincin, barci ya ɗauke ta, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a ƙasa. Sai hadari ya haɗu, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Duk mai wannan sana'a ya san abin da ke biyo baya, ruwa mai ƙarfi yana tare sigina, kowa kuma sai ya zaci nasa ne ya lalace. Na zare wayarta daga jaka a hankali, na rage mata ƙara, na koma bakin ƙofa inda feshin ruwa ke taɓa ni. Kira ya yi ta shigowa. Kowa in ce masa ruwa ne, kada ya taɓa komai, ya jira hadarin ya wuce.

Wata mata ta ƙi yarda. Ta ce ita dai a ba ta mai dish ɗin da kanta.

Na waiga na dubi matata. Bakinta a ɗan buɗe, kanta ya jingina da katan ɗin kebul. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, tana kan wani aiki da ba a katse shi. In ruwa ya tsaya hoton bai dawo ba, ki sake kira."

Ruwan ya daɗe bai tsaya ba. Na jawo buhu na toshe ƙasan ƙofa don kada ya shigo ya jiƙa mata ƙafa, na rufe abincin, na zauna ina jira ta farka.